Wa ke bin soja ba'asi idan ya kauce wa doka?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda suka san aikin soja da shari'arsa. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Kafin nan an yi Rann a jihar Borno, inda jirgin soja ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, an yi Zariya, inda sojoji suka kashe 'yan Shi'a, kuma kowane karo sai a ce za a yi bincike. Su ma ƙananan sojojin da ke daji kullum cikin kukan rashin kayan aiki da alawus suke. To a ina gizo ke saƙar? Horon ne bai isa ba, ko dokar ce ke da giɓi, ko kuɗin ne ba ya isa inda aka nufa? Kuma idan soja ya yi laifi, waɗanne matakai ake bi har a kai ga hukunci? Don Allah a yi mana dalla-dalla.

Tsohon Samanja:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Horo kam ana yin sa. Kurtu yana yin wata shida a makarantar horar da kurata ta Zariya, hafsa mai cikakken kwas yana yin shekara biyar a makarantar horar da hafsoshi ta NDA Kaduna, kuma dukansu ana karantar da su dokar yaƙi. Ba ma yau aka fara ba. Tun 1967, a farkon yaƙin basasa, Gowon ya fitar da takardar ƙa'idojin aiki wadda ta hana taɓa yara da mata masu ciki, ta hana kashe wanda ya miƙa wuya, ta hana keta alfarmar masallaci da coci da asibiti. A watan Oktoba na 1967 ɗin sojojin tarayya suka kashe farar hula a Asaba, takardar tana nan.

Abin da ke riƙe hannun soja a daji shi ne sanin cewa idan ya dawo sansani za a tambaye shi, kuma akwai littafin da zai ƙaryata shi idan ya yi ƙarya. Kowace bindiga tana da lamba a jikinta, kuma a ma'ajiyar makamai ana rubuta lambar gaban sunan wanda ya karɓa, ya sa hannu. Gidan harsashi na AK-47 yana cin 30. Wanda aka ba gida huɗu ya fita da 120. Idan ya dawo da 85, dole rahoton sintiri ya nuna inda 35 suka tafi: ƙarfe nawa aka yi harbin, a wane wuri, wa ya ba da oda, me aka harba. Saje ne ke ƙirgawa a gaban kwamandan sintirin, ba washegari ba, a lokacin da aka dawo. Da zarar an bar wannan ƙirge ya zama na fatar baki, abu biyu ke biyowa: harbin da babu mai iya bin sawunsa, da harsashin da ke sulalewa ya faɗa hannun 'yan bindiga.

Haka littafin waɗanda aka kama. Suna, ranar kamu, wurin kamu, wanda ya kama, raunin da ke jikin mutum lokacin da aka kawo shi, da sa hannun jami'in 'yan sanda ko na wata hukuma da ya karɓe shi. Mutumin da ba a rubuta sunansa ba a ranar farko shi ne wanda iyalinsa za su yi shekara goma suna nema.

Sai batun canji. Ƙa'idar aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce a sauya bataliya bayan kimanin shekara guda. A Arewa maso Gabas an sha barin mutum shekara uku, huɗu, har fiye, bai ga iyalinsa ba sai ɗan fas na kwanaki. Wanda ya binne abokansa, bai samu barci ba, ba a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa ba, shi ne za ka tsayar a shingen bincike ka ce ya yi wa direba magana da ladabi? Wannan ba uzuri ba ne ga mai laifi. Amma kwamandan da ya bar yaransa a wannan hali yana da kaso a abin da suka aikata. Kuɗin abincin soja ma Naira 1,500 ne a rana har zuwa 2025 da aka mayar da shi 3,000. Idan wannan ɗin ma ya maƙale a hanya, to karɓar na goro a shinge ya samu ƙofa, kuma sajen da ya karɓi kasonsa da safe ba zai iya tsawata wa kowa da yamma ba.

Barista Maman Khalifa:

Baba Samanja ya kawo rabin maganar. Ga ɓangaren shari'a.

Dokar da ke hukunta soja ita ce Dokar Rundunonin Soja, wadda asalinta dokar soja ce mai lamba 105 ta 1993. Idan aka zargi soja, 'yan sandan soja ne ke bincike su miƙa wa kwamandansa rahoto. Ƙaramin laifi kwamanda ke yanke shi a ofis: kwamandan kamfani yana iya ba da gadirum har kwana 7, kwamandan bataliya har kwana 28. Babban laifi, irin kisa, fyaɗe, sata, bore ko gudu daga fagen daga, sai kotun soja. Kotun iri biyu ce. Babbar tana da shugaba da mambobi aƙalla huɗu, ta musamman tana da shugaba da mambobi aƙalla biyu. Kowacce tana da hafsa lauya mai ba ta shawara kan doka, amma ba shi da ƙuri'a. Wanda ake tuhuma yana da damar ɗauko lauyansa daga waje. Bayan an yanke hukunci sai hukumar soja ta tabbatar da shi, daga nan mutum na iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli.

Giɓin yana nan: babban kwamanda ne ke kafa kotun, shi ke zaɓar mambobinta, 'yan sandan sojan da suka yi binciken ma a ƙarƙashin rundunar suke. Idan laifin na bijire masa ne, kotu kan zauna da gaggawa. Idan laifin na iya hawowa sama ya taɓa shi, wa zai kafa kotun?

Dubi misali biyu. A watan Mayu 2014 sojoji a barikin Maimalari da ke Maiduguri suka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7 wuta, bayan an kawo gawawwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga Chibok. Zuwa Satumba an yanke wa 12 hukuncin kisa. A Disamba aka ƙara wasu 54 bisa ƙin fita yaƙi, su kuwa suna cewa ba a ba su makamai ba. A ƙarshen 2015 aka sassauta wa 66 zuwa ɗaurin shekara goma. Wata huɗu ke nan tsakanin laifi da hukuncin farko. A Disamba 2015 kuma aka yi Zariya. Kwamitin shari'a na gwamnatin Kaduna ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba ya ji shaidar cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya, ya kuma ba da shawarar a gurfanar da sojojin da ke da hannu. Shekaru suka shuɗe ba a gurfanar da ko ɗaya ba. Kwamitin shugaban ƙasa na Mai Shari'a Biobele Georgewill, wanda aka kafa a 2017 don duba yadda sojoji ke kiyaye haƙƙin ɗan Adam, ya miƙa rahotonsa a 2018, ba a buga wa jama'a ba. Kowane kurtu yana kallon waɗannan, yana kuma gane wane laifi ne ake hukuntawa.

Akwai abin da mutane ke yawan faɗa, wai soja oda kawai yake bi. Doka ta wajabta masa bin halastacciyar oda ce kawai. Odar a kashe wanda aka ɗaure, ko a ƙona gidan da mutane ke ciki, ba ta kare wanda ya aiwatar. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a shari'ar Pius Nwaoga a 1972, kan wani jami'in sojan Biyafara da ya jagoranci kashe mutumin da ba ya ɗauke da makami duk da cewa umarni aka ba shi. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ma ta faɗa ƙarara cewa umarnin na gaba ba hujja ba ne, yaƙi ba hujja ba ne, dokar ta-ɓaci ba hujja ba ce.

A ganina gyara uku ne za su fi tasiri, kuma duka aikin Majalisar Tarayya ne. A cire ikon gurfanarwa kan manyan laifuka daga hannun kwamanda a ba wani ofishin mai gabatar da ƙara na soja wanda ba ya ƙarƙashin rundunar da ake zargi. Birtaniya ta yi haka a 2009. A wajabta buga sakamakon kowace kotun soja da ta shafi ran farar hula: tuhuma, muƙami, hukunci. Sannan a kafa ofishin karɓar koken soja mai zaman kansa, wanda kurtu zai rubuta wa kai tsaye ba sai takardarsa ta bi ta hannun wanda yake ƙara ba. Jamus tana da kwamishinan majalisa mai wannan aiki tun 1959, yana da ikon shiga kowane bariki ba sanarwa. Afirka ta Kudu ta kafa nata a 2012. Da a ce 'yan Maimalari suna da inda za su kai kuka a saurare su, da wataƙila ba a kai ga harbi ba.

Malam Mai Lissafi:

Barista, ki bar ni in ƙara da kuɗi, domin yawancin abin da ake kira rashin ɗa'a a ƙasa daga ofishin kwangila ya faro.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, a sashe na 15, ta keɓe kayan tsaro: ba ta hawa kansu sai da amincewar shugaban ƙasa. Ma'ana ana iya ba da kwangilar biliyoyi ba talla, ba gasa, ba kwatanta farashi. Sirri yana da wurinsa, babu mai cewa a buga yawan makamai masu linzami a jarida. Amma shinkafa, takalmi, man dizal, kwanon rufin bariki da katifa ba sirrin ƙasa ba ne, kuma a nan aka fi ci. Ya kamata a raba kasafin gida biyu: na fili, wanda ke bin dokar kwangila kamar kowace ma'aikata, da na sirri, wanda wasu zaɓaɓɓun 'yan majalisa da masu binciken kuɗi da aka tantance za su duba a ɗaki rufe. Sashe na 88 da 89 na tsarin mulki sun riga sun ba majalisa ikon kiran kowa ta tambaye shi.

Kwamitin da aka kafa a Agusta 2015 don bin diddigin sayen makamai daga 2007 shi ya tono maganar dala biliyan 2.1 ta ofishin mai ba da shawara kan tsaro. Abin da ya gano ya haɗa da kwangilolin da aka biya ba a kawo kaya ba, da jiragen da aka sayo ba su da cikakkun kayan tashi. Dabarar guda ce a ko'ina: kamfanin da aka yi wa rajista jiya, a biya shi kaso mai tsoka tun kafin ya kawo komai, sannan wani ya sa hannu a takardar cewa kaya sun iso. Maganinta kada mai ba da kwangila ya zama shi ne mai karɓar kaya. Rundunar da za ta yi amfani da motar ita za ta gwada ta, ta rubuta lambar inji da ta jiki, kafin a saki ragowar kuɗi.

Sai tsabar kuɗi. A Yuli 2019 sojojin rakiya suka gudu da Naira miliyan 400 da aka ɗauko daga Sakkwato, abin da ya kai ga kotun soja ta kori kwamandan Runduna ta 8, Manjo Janar Hakeem Otiki, a 2020. Tambayar ita ce me ya sa irin wannan kuɗi ke tafiya a cikin mota. Alawus ya shiga asusun kowane soja kai tsaye, a kuma riƙa yin faretin tantancewa da zanen yatsa ba tare da sanarwa ba. Iraƙi ta gano sunayen sojojin bogi 50,000 a 2014, shekarar da birnin Mosul ya faɗi. Bataliyar da takarda ta ce mutum 700 ce alhali 450 ne a ƙasa, aikin mutum 700 za a ba ta, kuma waɗanda ke nan su za su mutu a kai.

An ɗan fara taɓa manya. A Oktoba 2023 kotun soja ta ɗaure Manjo Janar Umaru Mohammed, tsohon shugaban kamfanin kadarorin sojin ƙasa, shekara bakwai kan satar kuɗi. Irin wannan ake so ya zama ruwan dare, ba abin mamaki ba.

Abu Sadiq Jaji:

Tunda mai tambaya da Tudun Biri ya fara, bari a yi maganar hari ta sama, domin a nan ban yarda cewa ƙirgen harsashi ko kotu kaɗai za su wadatar ba. Kuskuren yana faruwa ne kafin a danna maɓalli.

Abin da kyamarar jirgi ke nunawa da dare ɗumin jiki ne, wasu fararen inuwoyi a taru. Ba ta bambanta taron Mauludi da taron 'yan bindiga, ba ta bambanta sanda da bindiga daga nesa. Don haka ƙa'ida ita ce kada hoto shi kaɗai ya zama hujja. A samu majiya ta biyu mai zaman kanta, ta ƙasa ko ta sadarwa. A daɗe ana kallon wurin don a san al'adar mutanensa: yau ranar kasuwa ce, ko biki, ko jana'iza? A duba jerin wuraren da aka haramta kai wa hari, wato makarantu, asibitoci, masallatai, sansanonin gudun hijira, kuma jerin nan sai an riƙa sabunta shi tare da ƙananan hukumomi da masu unguwanni. Kan harin Rann na ranar 17 ga Janairu 2017, binciken hedikwatar tsaro ya ce ba a sa alamar sansanin 'yan gudun hijirar a taswirar aiki ba. Layi ɗaya a taswira, rayuka sama da ɗari.

Sannan wanda ya ga hoton kada ya zama shi ne mai ba da izini. Hafsa na sama da shi, da lauyan soja a gefensa, su za su auna ko amfanin harin ya kai haɗarin da ke kan farar hula. Bayan bam na farko a dakata a duba. Waɗanda suka tsira a Tudun Biri sun ce na biyun ya sauka ne kan masu kwashe gawa. Kuma sojin ƙasa da na sama su kasance a ɗakin aiki ɗaya. A ranar farko sojin sama fitowa suka yi suka ce ba su ba ne, kafin sojin ƙasa su amsa.

Marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, shugaban sojin ƙasa na lokacin, ya je Tudun Biri da kansa ya nemi afuwa, wannan abin a yaba ne. A Mayu 2024 hedikwatar tsaro ta ce mutum biyu za su fuskanci kotun soja. Amma sanarwar ba ta zo da cikakken rahoton ba, kuma rahoton ne zai nuna a wane mataki aka tsallake ƙa'ida. A ajiye faifan kyamara da na maganar rediyo na kowane hari a hannun ofishin da ba shi ya kai harin ba.

Ba-Damagare:

Sannunku da ƙoƙari. Ciwon bai tsaya a Najeriya ba. A Nijar, bayan an kashe sojoji 71 a Inates a Disamba 2019 da wasu 89 a Shinagodar a Janairu 2020, binciken ma'aikatar tsaro ya nuna an yi asarar kimanin miliyar 76 na sefa a kwangilolin makamai, ta hanyar ƙarin farashi da kayan da ba a kawo ba. Daga baya adadin ya yi ta raguwa a hannun hukuma, aka ɓuge da 'yan kwangila su mayar da wani kaso. A Satumba 2020 kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, ta ce ta tono gawawwakin farar hula aƙalla 71 a kaburburan bai-ɗaya a yankin Inates ɗin, ta ɗora alhakin a kan wasu sojoji. Ma'aikatar tsaro ta musanta. Abin da tsarinmu ke da shi mai amfani shi ne jandarmomin da ake haɗawa da runduna idan za ta fita daga, masu ikon buɗe bincike nan take su kai wa mai gabatar da ƙara. Sai dai idan kwamandan da za su bincika shi ke ba su mota da abinci, hannunsu a ɗaure yake.

Kamaru ma ta fara ne da cewa bidiyon kashe mata biyu da 'ya'yansu a yankin Arewa Mai Nisa na bogi ne, lokacin da ya fito a 2018. Da masu bincike suka gano wurin da fuskokin, a Satumba 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure sojoji huɗu shekara goma-goma. Hujjar daga waje ta zo.

Ɗan Tudun Wada:

Allah Ya saka muku da alheri. Barista, saura ɗaya: talakan da soja ya ci zarafinsa ko ya kashe masa ɗan'uwa, ina zai nufa?

Barista Maman Khalifa:

Malam, ya fara da hujja tun ranar. Rana da lokaci, wurin, sunan da ke ƙirjin kakin, lambar mota, rundunar da ke aiki a yankin, sunayen shaidu, hoton rauni, da takardar likita daga asibitin gwamnati. Idan an rasa rai, a yi ƙoƙarin samun takardar shaidar mutuwa da ta faɗi sanadi, ko da za a yi jana'iza a ranar. Nan ne mutanenmu suka fi yin asara: a binne da la'asar, bayan wata shida lauya ya nemi takarda babu.

Daga nan ya rubuta koke ga teburin kare haƙƙin ɗan Adam na sojin ƙasa, wanda aka buɗe a 2016, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ya kai irinsa ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa na jiharsa. Ba a biyan ko kwabo, kuma tun gyaran dokarta na 2010 ana iya aiwatar da hukuncinta kamar na babbar kotu. Ita ce ta binciki kisan Apo a Abuja na Satumba 2013, inda jami'an tsaro suka harbe mutum takwas a wani kango, akasarinsu masu tuƙa Keke Napep. Ta yanke Naira miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci, miliyan 5 ga kowane ɗaya cikin 11 da suka ji rauni, jimla miliyan 135. A 2014 aka yanke, sai 2018 aka biya.

Yana kuma iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu ƙarƙashin sashe na 46 na tsarin mulki, kuma ƙa'idojin 2009 sun ce daɗewar lokaci ba ta kashe irin wannan ƙara. Mutanen Odi ta wannan hanyar ta kotu suka samu hukuncin Naira biliyan 37.6 a 2013 kan farmakin da sojoji suka kai garinsu a jihar Bayelsa a 1999, aka sasanta a kan biliyan 15. Kotun ECOWAS da ke Abuja ma tana karɓar ƙara ba sai an gama da kotunan gida ba. Wahalar tana wurin karɓar kuɗin, domin doka ta ce sai da yardar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Shi ya sa ya fi kyau mutanen gari su haɗu su shigar da ƙara ɗaya da lauya ɗaya, su kuma rubuta a fili cewa karɓar diyya ba yafe tuhumar kisa ba ce.